Kafin Ka Yi Wa Tsohon Katin Hoto Jana'iza, Duba Ko Yana Numfashi

Na san da yawanku cigaban labari kuka zo nema, to ku yi mini afuwa yau, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukunin komawa kan alƙalamin labari ba. Maganar kuwa ita ce ta tsofaffin katunan hoto na kwamfuta, wato wannan ɗan faifan da ake sokawa a jikin babban allon kwamfuta, wanda shi ne ke zana duk abin da idonka ke gani a monita. Akwai mutane a duniya, kuma ina cikinsu, da ke haɗa tsohuwar kwamfuta musamman don buga wasannin da aka yi tsakanin 1990 zuwa wajen 2005, a kan irin injin da aka yi su dominsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, da yawa daga katunan da ake cewa sun mutu da ransu ake binne su, kuma garajen mai gyara ya fi tsufa kashe su.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya kai a damu da shi. A shekarar 1996 wani kamfanin Amurka mai suna 3dfx ya fito da katin Voodoo, wanda ya sa wasanni irin su Tomb Raider da Quake suka koma kamar an wanke musu fuska. A 1998 ya biyo da Voodoo2, wanda har ana iya haɗa guda biyu su yi aiki tare, a 1999 kuma Voodoo3. Kafin ƙarshen shekarar 2000 kamfanin ya durƙushe, Nvidia ta saye kadarorinsa. Ita ma ATI mai katunan Radeon, AMD ta haɗiye ta a 2006. Ma'ana dai, babu wata masana'anta a doron ƙasa da za ta sake buga maka Voodoo3 ko Radeon 9700. Adadin da ya rage shi ke nan, kullum raguwa yake yi. Duk wanda aka fasa don a cire ɗan ruwan zinaren da ke bakinsa, ko aka gasa shi da sunan gyara, ya tafi ke nan har abada.

Mu kuma a nan muna da hannu a cikin wannan lamari fiye da yadda muke zato, domin shekara da shekaru ƙasashenmu ne masaukin kwamfutocin da Turai da Amurka suka gama yayinsu. Waɗannan 'yan Baljiyam ɗin da suka cika shagunan buga takardu da gidajen intanet a wancan lokaci, a cikinsu akwai katunan da yau masu tara kayan tarihi ke nema ido rufe. Da yawa suna nan jibge a sito ƙura ta rufe su, ana jiran ɗan gwangwan ya zo ya auna a kilo.

To me ke kashe su? Abu na farko shi ne saurin yanke hukunci. Mutum ya soka kati, ya kunna, monita ta tsaya baƙi ƙirin, nan take sai ya ce ai ya ƙone. Alhali tsakanin katin da idonka akwai abubuwa kusan goma da kowannensu zai iya jawo wannan duhun. Ni dokata guda ce, kuma ita nake roƙon duk mai taɓa waɗannan kaya ya riƙe: ka fara da abin da ya fi sauƙi da araha, ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka kuma rubuta abin da ka canza. Wanda ya canza abu uku a tare, ko da abin ya tashi bai san wanne ne ya yi magani ba, in ya sake kwantawa gobe sai ya koma farko.

Kafin ma a kai ga wuta, ido ne ma'aikaci na farko. Ɗauki katin ka kai shi haske, ka riƙe shi ta gefe, ka duba shi gaba da baya. Waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a jikinsa, wato kafasito, ya kamata kansu ya zama a baje sumul. In ka ga kan ɗaya ya kumbura, ko wani abu mai kama da tsatsa ya tsattsafo, to ga mai laifi nan. Kayan lantarkin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007 sun sha fama da wannan annoba, saboda gurɓataccen ruwan sinadari da aka yi amfani da shi a cikin kafasito masu yawa. Canza su kuwa aiki ne da duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai yi, in dai ya sa mai daidai awo, bai kuma juya ƙafafun ba. Sannan ka duba bayan katin, domin akwai ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero da ke gutsirewa idan an jibga katuna a kwali ɗaya suna gugar juna. A kan Voodoo na farko da na biyu kuwa, sananniyar cuta ita ce ƙafafun manyan guntayen nan baƙaƙe su saki daga jikin allo. Da tsinken allura a hankali za ka gane wadda ke motsi, kuma ɗigon dalma ya wadatar.

Daga nan sai monita da wayarta. Wayar VGA ƙafafu 15 gare ta, uku na farko su ne ja da kore da shuɗi. Idan ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga hoto ya rine ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan hoda, mai garaje ya ce kati ya lalace, alhali ɗan miƙe ƙafa ɗaya ne maganin. Haka kuma monitocin zamani marasa ƙeya ba kowane irin hoto suke karɓa ba. Yawancin wasannin DOS, irin su Doom na 1993, suna fita ne a kan awon 320 da 200, hoton yana sabuntawa sau 70 a daƙiƙa, wasu sababbin monitoci kuwa da sun ga haka sai su ɗauke kai su bar ka da duhu. Gwada wata monitar kafin ka zargi kowa.

Akwai kuma abin da rashin sani kaɗai ke jawowa, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Voodoo na farko da Voodoo2 ba sa iya nuna hoto su kaɗai. Aikinsu zanen wasa mai zurfi kawai, don haka dole a haɗa su da wani katin na yau da kullum, a ɗauko 'yar gajeriyar waya daga wancan a shigar a cikin Voodoo, sannan monita ta fita daga Voodoo ɗin. Wanda bai san haka ba zai soka shi shi kaɗai, ya ga babu ko ɗigon haske, ya wurga lafiyayyen kati a kwandon shara. Allah kaɗai Ya san adadin waɗanda suka tafi ta wannan hanya.

Sai bakin katin, wato waɗannan haƙoran masu ruwan zinare da ke shiga cikin gurbi. Shekara ashirin a ajiye, datti da danshi sun yi musu lulluɓi. Kilinar goge fensir mai laushi, a bi da auduga da sipirit mai kyau, a bari ya bushe, a busa gurbin shi ma, sannan a danna katin ya zauna daram. Katunan AGP musamman suna da halin ɗaga gindi idan an ɗaure kusar gaba, kana ganinsu kamar sun zauna alhali rabin haƙoran suna waje. A lokacin hunturu kuma a yi hattara, busasshiyar iskar nan tana tara wa jikin mutum wutar da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙarfe, wadda kai ba za ta yi maka komai ba amma tana iya kashe guntun lantarki. Taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar tukuna kafin ka taɓa kati.

A nan ne zan ja kunne da babbar murya, domin akwai wurin da gwaji kansa ke kisa. Gurbin AGP, wanda ya shigo kasuwa a 1997 kafin PCI Express ya fara maye gurbinsa a 2004, ba iri ɗaya ba ne. Na farko yana aiki da wuta bolt 3.3, na biyu 1.5, na uku 0.8. An yi wa bakin kowane kati tsaga don kada ya shiga inda bai dace ba: tsagar 3.3 tana kusa da ƙarfen da ake ɗaurewa, ta 1.5 tana can nesa da shi. Voodoo3 ɗan 3.3 ne zalla, ba ya zama a allon da 1.5 kawai ya sani, irin yawancin allunan Pentium 4. Abin takaicin ma, an samu wasu katunan da aka yi musu tsaga biyu alhali 3.3 kaɗai suke ci, su kan shiga lafiya lau su ƙona babban allon. Don haka in kati ya ƙi shiga, kada a tilasta masa, kada kuma wani gwani ya ɗauko zarto ya ce zai buɗe masa hanya. A nemi lambar katin da ta allon a tabbatar tukuna.

Idan duk wannan ya yi daidai amma har yanzu shiru, to a saurari kwamfutar, domin tana magana. Tsofaffin alluna suna da 'yar ƙaramar lasifika da ke ƙara idan an kunna. A allunan da ke ɗauke da BIOS na Award, ƙara ɗaya doguwa da biyu gajeru na nufin ba ta ga katin hoto ba. A na AMI, gajeru takwas na nuni ga ma'adanar katin. Idan kuwa babu ƙara ko ɗaya, wataƙila matsalar ba ta ma iso kan katin ba, a duba ram da sauran kayan. Ga kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda in ya mutu allon ke manta duk saitinsa, har da zaɓin wane gurbi zai fara nema, PCI ko AGP. Batirin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba ya sha sa a yi wa kati ƙazafi. Shi ya sa nake ganin duk mai wannan harka ya kamata ya ajiye kati ɗaya mai araha wanda ya tabbatar da lafiyarsa, irin S3 Trio na gurbin PCI, ya zama shi ne shaidarsa. In shi ma ya ƙi nunawa, ka san ba a nan gizo ke saƙar ba.

Akwatin wuta shi ma abin tuhuma ne. Tsoho yana iya gajiya ya riƙa ba da wutar da ba ta tsaya ba, sabo kuma yana da nasa aibin, domin injinan wancan zamani, musamman masu Athlon, sun fi jan wuta ta layin bolt 5, na yanzu kuwa ƙarfinsu yana kan layin 12. Sai ka ga akwati sabo fil mai babbar lamba ya kasa ɗaukar tsohuwar kwamfuta. Wasu katunan ma, irin Radeon 9700 Pro na 2002, suna da tasu wayar wuta daban da dole a soka musu. A auna da mita, amma kada a buɗe akwatin wuta ko tsohuwar monita mai ƙeya in ba a san aikin ba, suna riƙe wutar da ke iya hallaka mutum ko bayan an zare su daga soket. Mu da wutarmu ke zuwa da hauka ta tafi ba sallama, sitabilaiza wajibi ce ga mai son kayansa su daɗe.

To a ce hoto ya fito, amma da zane-zane, ko ɗigo-ɗigo, ko layuka. A nan tambaya ɗaya ce ke raba gardama: yaushe abin ke farawa? In tun daga rubutun farko da kwamfuta ke nunawa ne, kafin Windows ta tashi, to ciwon a jikin katin yake, galibi ma'adanarsa ko wata ƙafa da ta saki. In sai an yi minti goma ana wasa sannan ya fara, zafi ne: fanka ta tsaya ko ta cushe da ƙura, ko man da ke tsakanin guntu da ƙarfen shan zafi ya bushe ya zama kamar alli. Voodoo3 ko fanka bai zo da ita ba, zafi yake yi kamar dutsen guga, kuma wanda ya ƙera shi bai yi lissafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba. Ɗaura masa 'yar fanka sadaka ce. In kuwa a wasa ɗaya kawai abin ke faruwa sauran lafiya lau, to katin ba shi da laifi, a koma kan manhaja.

Manhajar da ke tuƙa kati, wadda ake kira direba, ita ce inda hankalin zamani ke yaudarar mutane. Mun saba da cewa sabo ya fi tsoho, amma a nan da tsohuwar zuma ake magani. Direban da ya fito a zamanin katin ya fi dacewa da shi sau da yawa fiye da na ƙarshe da kamfanin ya saki. Kafin shi ma, sai an fara sa direban babban allon, musamman allunan VIA, in ba haka ba AGP ba zai yi aiki yadda ya kamata ba, wasa ya riƙa daskarewa ana zagin kati. Windows 98 kuma tana rikicewa idan ram ya haura megabait 512 ba a yi mata wani saiti ba. Sannan kowane wasa da yaren da yake ji. Need for Speed II SE na 1997 da yaren Glide na 3dfx kaɗai yake fito da kwalliyarsa. Final Fantasy VII na kwamfuta, na 1998, yana son wani salon launi da Nvidia ta daina sakawa daga GeForce 6. Ka ga ke nan kati mafi ƙarfi yana iya zama mafi rashin dacewa, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ƙona mini rai, wato gasa kati. Wannan bidi'a ta yaɗu ne bayan matsalar da wasu guntayen Nvidia na zuriyar GeForce 8 suka samu, wadda ta sa kamfanin ya ware dala miliyan 196 a 2008 don biyan gyara. Sai mutane suka gano cewa in an sa irin wannan kati a tanda, ko an hura masa iska mai zafi, yakan farfaɗo. Gaskiya ne yakan farfaɗo, amma na ɗan lokaci, domin tsagewar tana can cikin guntun inda zafin ba ya gyara ta, motsa ta kawai yake yi ta ɗan haɗu. Bayan makonni ko watanni sai ya sake kwantawa, a lokacin kuwa kafasito sun dahu, robobi sun narke, allon ya lanƙwashe. Mafi muni shi ne yadda aka mayar da abin maganin kowace cuta, har katin 1998 da ciwonsa ƙafa ɗaya ce da ta saki sai a kai shi wuta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Wanda kuma ya gasa kati ya sayar wa wani a matsayin lafiyayye, ya sani ha'inci ya yi, ko da kuwa ranar da aka gwada ya nuna hoto.

Na san akwai mai cewa, Malam, duk wannan wahala ta mece ce, alhali akwai DOSBox da 86Box da nGlide da ke kwaikwayon tsofaffin injina a kan sabuwar kwamfuta, ga kuma GOG da tun 2008 ke sayar da tsofaffin wasanni a gyare? Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ga wanda wasan kawai yake so ya buga, ni ma ita zan ba shi shawara, ta fi sauƙi ta fi araha. Sai dai a tuna, masu rubuta waɗannan manhajoji da ainihin katunan suke gwada aikinsu su ga ko kwaikwayon ya yi daidai. Ranar da na asalin suka ƙare, babu sauran ma'auni. Mu marubuta mun fi kowa sanin wannan, hoton littafi a waya yana da amfani, amma ba ya sa a ƙona bugun farko.

Wani kuma zai ce ai wasa ne, aikin yara, bai kamata babba ya ɓata lokacinsa ba. To ita kwamfutar da ke buga wasan 1998 ita ce dai ke buɗe faifan fulofi da tsohon fayil ɗin PageMaker, irin waɗanda aka buga littattafanmu da yawa a kansu a shagunan buga takardu. Duk marubucin da ke da tsohon rubutu a irin waɗannan faya-fayai, wata rana zai nemi mai tsohuwar kwamfuta mai rai. Bayan haka, yaron da ya koyi bin ciwon kati daki-daki, daga waya zuwa gurbi zuwa wuta zuwa manhaja, ya koyi abin da zai ci abinci da shi a kan kowace na'ura. Abin da ke damun sana'ar gyara a yau shi ne ta koma cire wannan sa wancan, in bai yi ba a ce wa mai kaya ya sayi sabo.

Ban ce kowane kati zai tashi ba. Akwai wanda guntunsa ya ƙone ƙurmus, babu malamin da zai dawo da shi. Amma ko shi kada a yar, fankarsa da ƙarfensa da ma'adanarsa za su ceci wani. Roƙona ga masu shagunan gyara da masu tsofaffin kwamfutoci a sito shi ne, kafin ku kira ɗan gwangwan, ku buɗe ku zare katunan, ku sa kowanne a ledarsa daban, ku rubuta sunansa da abin da kuka gani yana yi. Ga masu gyara kuma, a yi haƙuri a bi matakan nan bi da bi, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ga na yi kuskure a wani wuri, ko yake da wata dabarar da ban ambata ba, ƙofa a buɗe take, ilimi kogi ne.

In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.